Kuɗin Iska: Lissafin Dashen Itace a Gonakin Filato

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Jos ta ratsa Bukuru ta nufi Barikin Ladi ya san dogayen itatuwan turaren nan da ke tsaye sahu-sahu a kan jar ƙasa, ga tafkunan kuza kwance a gefensu. Dasa su aka yi. Tun wajen 1904 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a tsaunukan nan, suka yi ta tono shekara da shekaru har filin da ya lalace ya haura murabba'in kilomita 300. Daga ƙarshen shekarun 1940 hukuma ta ce za ta gyara ɓarnar: a baje tsibin ƙasa, a dasa turare, ganyensa ya zuba ya ruɓe, bayan wasu shekaru a mayar wa manoma filinsu da ƙarfinsa. A takarda dabarar ba ta da makusa. Itatuwan kuwa sun kama, ga su nan har yau.

A shekarun 1980 wani masanin ƙasa daga Jami'ar Durham ta Ingila, Michael Alexander, wanda ya yi aiki tare da malaman Jami'ar Jos, ya haƙa ƙarƙashin itatuwan ya auna. Ya tarar ƙasar ba ta farfaɗo yadda aka zata ba, tsami ma ta ƙara. Inda ya ga ƙasar haƙo ta dawo hayyacinta shi ne lambunan 'yan noman rani masu jan ruwa daga tafkunan, masu zuba kashin shanu da tokar bola, waɗanda ba wanda ya ba su kwangilar gyaran ƙasa.

Abin da ya tuno mini da wannan tsohon labari shi ne an sake dawo mana da maganar dashe, ta sauya riga. Wancan karon ƙasa za a gyara, wannan karon sama. Hayaƙin fetur da kwal da gas da duniya ke ƙonawa ya taru a sararin samaniya yana riƙe zafi, har damina ta daina cika alkawari. Itace kuwa abincinsa ke nan: yana zuƙar iskar kabon ya gina jikinsa da ita. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma kowane tan ɗaya na kabon da ya zauna a gungume daidai yake da tan 3.67 na iskar da aka janye daga sama. Sai aka ƙirƙiro ciniki a kai. Kamfanin jirgin sama ko na kwamfuta a Turai ko Amurka ya ci gaba da hayaƙinsa, ya biya a dasa itace a gonar talaka a Afirka, a ba shi takardar shaida cewa an kwashe masa tan kaza. Manomi ya sami inuwa da 'ya'yan itace da ɗan kuɗi, duniya ta huce, kowa ya ci riba. Haka ake faɗa a ɗakunan taro.

Gwamnatinmu ta karɓi maganar hannu bibbiyu. A Nuwamban 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. A taron Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar a 2022 aka ƙaddamar da shirin kasuwar kabon ta Afirka, Najeriya na sahun gaba, da burin nahiyar ta riƙa fitar da takardun tan miliyan 300 duk shekara nan da 2030. Ga kuma ACReSAL, rancen dala miliyan 700 daga Bankin Duniya don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Filato na ciki. Shi ba kasuwar kabon ba ne, amma dashe na cikin manyan ayyukansa, kuma inda itatuwa suka yawaita masu cinikin kabon kan biyo sawu.

Ni ba ni da faɗa da itace, kimiyyar ma ba ƙarya ba ce. Da lissafin nake.

Mu fara da abin da zai shigo aljihu, mu kuma yi wa shirin adalci har da ƙari. Mu ɗauka hekta ɗaya mai itatuwa jefi-jefi a tsakanin shuka tana janye tan 3 a shekara bayan itatuwan sun tasa. Mu ɗauka an sayar da kowane tan dala 20. Mu ɗauka an ba manomi kashi 80 cikin 100, irin rabon da shirin Acorn na bankin Rabobank na ƙasar Holan ya yi alkawari, rabon da ake yabawa a kasuwar. Dala 48 ke nan. A canjin naira 1,500 ya kama naira 72,000 a shekara, da ƙyar ya sayi buhun takin zamani biyu. Wannan kuma ga mai hekta guda cur ne. Da yawa daga manoman tsaunin nan gonakinsu 'yan gutsattsari ne a tsakanin duwatsu da ramukan kuza, an kewaye da ƙerana. Mai rabin hekta ya tashi da naira 36,000.

In wani ya ce na matse lissafin, ya dubi Kenya. A yammacin ƙasar Bankin Duniya da ƙungiyar Vi Agroforestry ta Suwidin sun shirya wa manoma 60,000 a kan hekta 45,000 irin wannan ciniki, na dashe da gyaran ƙasa, aka yi ta kuranta shi a matsayin zakaran gwajin dafi. A 2011 cibiyar IATP ta Amurka ta ɗauki alƙaluman shirin da kansa ta rarraba. A cikin kusan dala miliyan biyu da rabi da ake sa ran samu a shekara 20, fiye da miliyan ɗaya zai tafi a awo da rajista da gudanarwa. Abin da zai rage wa kowane manomi dala ɗaya ce da 'yan kai a shekara. Masu shirin suka ce ai ribar manomi ta gaskiya ita ce ƙarin amfanin gona, kuɗin kabon gyara ne kawai. Na yarda da su. To in haka ne, don me ake tallar hajar da sunan gyaran?

Dalilin zurarewar kuɗin a hanya ba ɓoyayye ba ne. Iska ba buhun masara ba ce da za a ɗora a sikeli. Sai an zo an auna kaurin itace, an ɗauki hoto daga tauraron ɗan'adam, an ɗauko mai bincike ya tabbatar, an biya masu rajista, an sallami dillali. Duk waɗannan da dala ake biyansu, kuma ko itace ya rayu ko ya mutu sun karɓi nasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu ga abin da zai fita daga hannun manomi, wanda ba a cika rubuta shi a takardar talla ba.

Filato ce ke noma mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a ƙasar nan, Bokkos da Mangu da Barikin Ladi su ne rumbunsa. Dankali yana son rana, yana son iska ta ratsa kunya ta busar da ganye. Annobar nan da ke ƙone ganyensa cikin 'yan kwanaki ta ruɓar da shi a ƙasa, wadda ta sha durƙusar da manoman yankin, ba abin da take so irin raɓa da danshin da ba ya bushewa da wuri. Layin itace mai duhun ganye yana tsare rana, yana tsare iska, saiwarsa kuma tana raba taki da shuka. In wannan ya rage wa mutum buhu biyu ko uku a hekta, kuɗin kabon shekarar ya riga ya tafi kafin a biya shi. Ga wani abin haushi: itacen da ya fi faranta ran mai ƙidayar kabon shi ne mai saurin girma da tara nauyi, irin turaren can na Bukuru, shi ne kuma wanda ya fi shan ruwa ya hana shuka sakewa a gindinsa. Wanda manomi ke so, irin ɗorawa da atili, sai an shekara da yawa kafin ya yi wani nauyin kirki. A Uganda, inda ƙungiyar ECOTRUST ke gudanar da irin wannan shiri tun 2003, jaridar Aftonbladet ta Suwidin ta ruwaito wasu manoma suna kukan itatuwan sun rufe musu gonakin abinci, ga yarjejeniya ta hana su sarewa. Masu shirin sun kare kansu, amma wanda ya san noma ya san inuwa ba ta ƙarya.

Sai wahalar reno. Jos tana samun ruwa mai yawa, amma daga Nuwamba zuwa Maris sama kan kulle, hunturu ya busar da komai. A watannin nan ne ake sakin awaki bayan girbi, a nan gara ke cin rabonta. Ɗan dashe yana buƙatar shinge da ban ruwa shekara biyu ko uku, kuma kowa ya san a kan wa jarkar ruwa ke sauka: mata da yara. A waɗannan shekarun itacen bai tara kabon da za a sayar ba. Bayan ya girma kuma ashana ɗaya ta yaro mai farautar gafiya ta isa ta mayar da aikin shekara goma hayaƙi. Kamfanonin sun san da haka, shi ya sa suke ware wani kaso na takardun su ajiye saboda asara, kason da ba a sayarwa, ba a kuma biyan manomi kuɗinsa.

Inda na fi daɗewa ina juya maganar shi ne kan ƙasa. Kawuna ya haura shekara ashirin yana noman rani a bakin wani tafki a bayan Bukuru, karas da kabeji da latas da tumatir. Filin ba nasa ba ne, haya yake biyan wani dattijo Birom da suke ganin girman juna ƙwarai. Na tambaye shi ko zai dasa itace in an ce za a riƙa biyansa.

Ya ajiye fartanya ya dube ni. "Kai yaro, ka taɓa ganin baƙo ya kafa turke a gidan mutane? Ran da na dasa mangwaro a nan, ran nan na sallami kaina. Ko shi bai ce komai ba, 'ya'yansa za su ce na zo cin gado."

Na ce, "To Kawu, in shi mai filin ne ya dasa fa?"

Ya ce, "Sai inuwar ta zama tawa, kuɗin nasa."

A al'adar yawancin mutanenmu dasa itace shaidar mallaka ce. Mai aro da mai haya da mai jingina ba su da wannan hurumin, matar aure ma sau da yawa haka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasa amana a hannun gwamna, mafi yawan manoman karkara kuwa ba su da wata takarda, gado ne da shaidar dattawa. Mai sayen kabon shi takarda yake so, da suna ɗaya da za a kama in an saɓa. Ke nan kuɗin zai bi wanda ya fi ƙarfi a kan filin, ba lallai wanda ya fi zufa a cikinsa ba. Kuma da zarar fili ya fara haifar dala, komai ƙanƙantarta, iyakar da kowa ya manta da ita sai ta tashi.

Ba sai an gaya wa mutumin Filato abin da tashin iyaka ke jawowa ba. Satumban 2001, Nuwamban 2008, Janairu da Maris na 2010, har zuwa daren jajibirin Kirsimeti na 2023 da aka kashe fiye da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Manomi ya ga an sare masa masara tana bunni, makiyayi ya ga an kashe masa shanu, kowane ɓangare na da kaburburansa. Shingen da zai kare dashe daga dabba, in aka kafa shi a kan burtali ko hanyar mashaya, sabuwar fitina ce. Yarjejeniyar kabon kuwa ta shekara 20 ce ko 30. Mutumin da aka kora daga ƙauyensa, ya dawo ya tarar an ƙone gonar, shi ne ya saɓa alkawari?

Tsawon yarjejeniyar kansa abin dubawa ne. A N'hambita ta ƙasar Mozambik kamfanin Envirotrade ya biya manoma cikin shekara 7 kuɗin kabon da aka lissafa itatuwansu za su riƙe har shekara 100. Wato uba ya karɓi kuɗi, jika ya gaji tsaro. Daga baya kamfanin ya tattara ya bar aikin. A wurinmu itace asusu ne. Ranar da ciwo ya kwantar da mutum, ko kuɗin makaranta ya taso, ko za a aurar da 'ya, ana sare ɗaya a sayar wa masu katako. Yarjejeniyar da ta hana saran nan ta kulle wa talaka asusunsa ta tafi da makulli.

Filato na da wata matsala kuma: abin da ke ƙarƙashin gonar. A 2024 farashin tan ɗaya na kuza ya haura dala 30,000 a kasuwar Landan. Tan ɗaya na iskar kabon dala 20. Matasa sun koma ramukan haƙar kuza har Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adinai a jihar a Fabrairun 2025 saboda tsaro. Wanda aka gano kuza a gindin itacensa ba ya buƙatar malamin lissafi.

Ga tukunya kuma. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 gidaje da yawa sun koma itace da gawayi, garin kuma ga sanyi. In an hana mace sassabe a gonar mijinta ba za ta daina girki ba, za ta ƙara nisa ne zuwa wani dajin. A takarda an adana kabon, a zahiri an matsar da gatari ne kawai.

Kasuwar ita kanta ba ta da amana. Takardun kabon na tsarin yarjejeniyar Kyoto ta rage hayaƙi sun kai kusan yuro 20 kowane tan a 2008, zuwa ƙarshen 2012 ba su kai yuro ɗaya ba. A Janairun 2023 jaridun Guardian da Die Zeit da masu bincike na SourceMaterial suka wallafa cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare gandun daji da suka bincika, waɗanda ƙungiyar rajistar kabon ta Verra ta tantance, da wuya in sun rage wani hayaƙi. Verra ta musanta, kuma gaskiya waɗancan na hana saran daji ne, ba na dashe a gona ba. Amma masu saye sun tsorata, farashi ya faɗi. Kamfani na iya fasa saye da wasiƙa ɗaya. Manomi ba ya iya fasa itacen da ya shekara takwas a tsakiyar gonarsa.

Na kan kuma tsaya in tambayi kaina wa ke bin wa bashi. Hayaƙin ɗan Najeriya ɗaya bai kai tan ɗaya na iskar kabon a shekara ba, na ɗan Amurka ya kai wajen tan 14. Kabon da ke cikin fetur ya shekara miliyoyi a kulle a ƙarƙashin ƙasa kafin a fito da shi, wanda ke jikin itace kuwa yana nan ne muddin wuta da gatari da gara sun ƙyale shi. An ba mai gona gadin kayan da ba shi ya zubar ba, da ladan da bai kai na maigadin shago ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa: ana zuwa wurinmu ne saboda a nan gadin ya fi araha.

Duk da haka ba zan ce a bar gona fayau ba. A Maradi, tun 1983, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM, wadda Jos ta sani sarai, ya fara nuna wa manoma su daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gona, su zaɓi rassa masu ƙarfi su rene su. Sassabin zamani suke ce masa. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, ba tare da an biya manoman kuɗin kabon ba. Abin da ya sa suka yi shi ne itacen ya zama nasu: ma'aikacin gandun daji ya daina cin tararsu, suka sami itacen girki da abincin dabba, gawo kuma ya zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana. Ba kwafar Maradi za a yi a Bokkos ba, ruwan Jos ya ninka nasu fiye da sau biyu, itatuwan ma ba ɗaya ba. Amma mu ma muna da namu. Masani Robert Netting, wanda ya zauna cikin al'ummar Kofyar a kudancin tsaunin nan a shekarun 1960, ya tarar suna noma gangaren dutse da matakala da takin awaki, ga itatuwan amfani a gonar gida, kowanne an san mai shi. Atilin da ake tallarsa a tashoshin Jos da kalwar da ake daddawa da ita daga irin waɗannan gonaki suke fitowa. Duk suna riƙe da kabon, ba wanda ya taɓa rubuta musu rasit.

Hukuncina shi ne itacen da bai iya biyan kuɗin zamansa a gona da 'ya'ya ko ganye ko makamashi ko taki ba, kuɗin kabon ba zai biya masa ba. Ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos, ga cibiyar binciken dankali a Kuru. Kafin a raba wa kowa dashe da sunan kabon, su auna mana a gonar gaske buhu nawa na dankali da masara da acca kowane irin itace ke ci, su faɗa da Hausa da Birom da Ron da Mwaghavul a rediyo.

Kai kuma ɗan'uwa manomi, in sun zo da fom da tawada, kada ka dangwala yatsa a ranar. Ka karɓi kwafin ka kai gida a karanta maka. Ka tambayi shekara nawa ne, nawa ne rabonka a kowane tan, wa zai ɗauki asara in wuta ta ci, kuma ko kana da ikon sare itacenka ranar da buƙata ta taso. In sun hana ka kwafin, ka mayar musu da biro.